WUTAR LANTARKI DAGA GANSAKUKA: KADA MU YI SAURIN ZUBAR DA RUWAN TULU

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, ku 'yan'uwanmu da ke neman halaliya a Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan, ba ku manta da watan Oktoba na shekarar da ta gigita Arewa ba, wato 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da yawa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Da yawanku kun aika kuɗi gida domin a sayi faifan sola. To, ga shi ana ta baza labari wai Turawa sun gano yadda za a samu wuta daga ganye da gansakuka, har wasu na cewa a dakata da sayen sola. Ya kamata mu duba gaskiyar maganar.

Asalin abin dai ba ƙarya ba ne. Kowane koren ganye yana dafa abincinsa da hasken rana. Idan haske ya sauka a kansa, sai ya fasa ruwa, ya fitar da iskar da muke shaƙa, ya kuma saki wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira ilektiron. Gudun waɗannan ƙwayoyi cikin waya shi ne wutar lantarki. Dabarar masana ita ce su tare kaɗan daga cikinsu kafin tsiron ya yi amfani da su.

A 2021 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Christopher Howe, suka zuba wata irin gansakuka mai suna Synechocystis a cikin ɗan akwati da bai wuce ƙaramin batirin rediyo ba, tare da ruwa da ƙarfen alminiyam, suka ajiye a bakin taga. Wannan akwati ya riƙe wata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki fiye da wata 6 ba tsayawa. Har da dare wutar ba ta ɗauke ba, domin gansakukar tana ci gaba da cin abincin da ta tara da rana.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Ƙwan fitila mai wat 5 yana shan wutar da ta ninka abin da waccan ƙwaƙwalwa ke sha fiye da sau miliyan 10. Faifan sola na kasuwa yana mayar da wajen kashi 20 cikin 100 na hasken da ya same shi zuwa wuta, alhali shuka a gona da ƙyar take adana kashi 1 ko 2, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki ake iya tatsa. Saboda haka gansakuka ba za ta juya injin niƙa ba, ba kuma za ta sanyaya maganin rigakafi a asibitin ƙauye ba. Amfaninta yana ga ƙananan na'urorin awo da ake bari a gona ko bakin rijiya, inda canza batir ke da wuya.

Akwai kuma wata hanya da ta fi kusa da mu. A 1991 Michael Grätzel da Brian O'Regan suka bayyana wani faifai da ke kwaikwayon ganye, inda ake shafa rini a kan farar hodar taitaniyam, rinin ya kama haske. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada wannan da jan ruwan zoɓo, wanda manomanmu na Jigawa da Kano ke nomawa ana fita da shi ƙasashen waje. Wuta tana fita, sai dai galibi ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma rana tana koɗar da rinin. Haka nan a gefen Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata 'yar'uwar gansakukar Kambirij daga tafkuna, suna shanya ta a kan rairayi suna miya da ita, suna kiranta dihe.

Ke nan kayan aikin suna ƙofar gidanmu: rana, zoɓo da gansakuka. Abin da ya rage shi ne gwamnatocin jihohinmu da attajiranmu su riƙe ɗakunan bincike na jami'o'i, kada mu wayi gari muna sayen dabarar da aka ƙera da amfanin gonarmu.

Ku kuwa masu aika kuɗi gida, shawarata ita ce kada a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Ku sayi faifan sola mai kyau da batir mai aminci, ku nemi ƙwararre ya haɗa. Duk wanda ya zo muku da kwalbar koren ruwa ya ce za ta haska gida, ku riƙe aljihunku. Allah Ya sa mu dace, amin.