Wai Masu Sayar Da Shiru Su Ne 'Yan Damfara?

Yau na ajiye biron labarin soyayya gefe guda, domin akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar da muka tafka musu da wani abokina malamin makaranta a majalisarmu. Ƙanena ne ya jawo, ya kunna mana bidiyon wasu makaɗa 'yan Amurka da ake kira Vulfpeck, ya ɗan ba mu tarihinsu. Bai rufe baki ba Malam ya yanke hukunci, wai waɗannan 'yan damfara ne masu rataye da jita, kiɗan nasu kuma dafa-duka ne mara asali. To, Malam, a majalisa ka fi ni baki, amma a takarda sai ka saurare ni.

Mai karatu, bari ka fara sanin su waye. A shekarar 2011 wasu samari huɗu da suka haɗu a Jami'ar Michigan, a garin Ann Arbor, suka kafa ƙungiyar: Jack Stratton wanda shi ne jagora, da Theo Katzman, da Woody Goss, da Joe Dart mai kaɗa jitar bes. Ba su je sun yi layi a ƙofar wani babban kamfanin waƙa ba. Su suke naɗar kiɗansu, su saki bidiyon a YouTube, su fitar da faifan a ƙarƙashin ɗan kamfaninsu, Vulf Records.

Abin da Malam yake kira damfara ya faru ne a 2014. Suna son fita rangadin wasa, aljihu kuwa babu nauyi. Ita manhajar Spotify dokarta a lokacin ita ce, in an saurari waƙa ta kai daƙiƙa 30 sai ta lissafa wa mai waƙar ɗan abin da bai kai sisi ba. Sai suka fitar da faifai mai suna Sleepify, waƙoƙi 10, kowace ta ɗan haura daƙiƙa 30, kuma babu komai a ciki sai shiru tsit. Suka roƙi masoyansu su kunna shi ya yi ta maimaituwa suna barci, da alƙawarin cewa kuɗin da aka samu da shi za a yi wasa kyauta. Kafin Spotify ta sauke faifan bayan 'yan makonni, an tara kusan dala dubu 20. A watan Satumba na shekarar suka cika alƙawari, suka zaga birane irin su New York da Chicago da Los Angeles, babu wanda ya biya kuɗin ƙofa.

To don Allah ina damfarar take? Ɗan damfara a ɓoye yake aikinsa, waɗannan kuwa shela suka yi. Duk wanda ya kunna faifan ya san shiru zai ji, ya kuma san inda kuɗin za su. Dokar ba su suka rubuta ta ba, kamfanin ne. In akwai abin kunya a nan, yana wuyan tsarin da a lokacin yake biyan shiru daidai da yadda yake biyan gumin mawaƙi. Ai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma tunda Malam yana ganin mutuncin makaɗi yana hannun babban kamfani, bari in tuna masa da Funk Brothers, waɗanda 'yan Vulfpeck suke koyi da su. Su ne makaɗan da suka kaɗa mafi yawan fitattun waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit a shekarun 1960. Duniya ta yi rawa da kiɗansu, amma ko sunayensu ba a sa wa a jikin faifai, sai a 1971 da Marvin Gaye ya fitar da What's Going On. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya san wannan tarihin, ya kuma zaɓi ya riƙe kayansa a hannunsa, wayo ya yi ko hankali?

Sai batun dafa-duka. Malam, fank da sol da buluz da rok ba baƙin juna ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. Buluz ya fito daga bakin jikokin bayi a kudancin Amurka. Da ya haɗu da waƙoƙin cocin baƙaƙen fata sai aka samu sol. Rok ma daga jikinsa ya tsiro. Fank kuwa su James Brown ne suka ɗauki sol suka ƙara masa nauyin ganga da bes. Wanda ya haɗa su a dandali ɗaya zumunci ya sada, bai gauraya komai ba.

In kuma hujja kake so, ga ta. A watan Satumba na 2019 Vulfpeck suka cika zauren Madison Square Garden na New York maƙil, tikiti ya ƙare, ba su da manaja, ba su da babban kamfani a bayansu. Wa ya cika musu zauren? Irin mutanen nan ne da suka kwana suna kunna shiru shekara biyar kafin nan.

Ban ce kowa zai iya ba. Sun yi karatun jami'a, suna ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, masoyansu kuma suna da abin sayen tikiti. Na kuma san makaɗa masu zaman kansu da yawa suna ƙarewa ne da bashin mai da gajiyar hanya. Amma wahalar hanya ba ta mayar da matafiyi ɓarawo.

Abin da ya sa maganar ta taɓa ni, ni ma na san zafin. Da kuɗina na buga littafina na farko, na ɗora a bayan babur na kai wa wani dilan littattafai, ya karɓa bashi, har yau ciko yana wurinsa. Mu ma an kira rubutunmu adabin kasuwa da nufin ƙasƙanci. Ba dila ne ya tsayar da ni da ƙafata ba, masu karatu ne, waɗanda suke tambaya yaushe na biyu zai fito.

Saboda haka Malam, ka ƙi kiɗansu in ka ga dama, kunne naka ne. Amma kalmar damfara ka janye ta, ka kai ta inda ta dace. Gobe ina majalisa bayan la'asar, shayin kuma a wuyana.