Kafin Mu Kai Tauraruwar Labarinmu Ayislan, Mu Fara Leƙa Kusugu



Can arewacin duniya akwai wani tsibiri mai duwatsu masu aman wuta, ana kiran sa Ayislan. Mutanen cikinsa gaba ɗaya ba su cika dubu 400 ba, amma a shekarar 2018 baƙi fiye da miliyan biyu ne suka je yawon buɗe ido. A watan Afrilun 2010 wani dutsen ƙasar ya yi aman toka har jiragen sama suka daina tashi a yawancin Turai na kusan mako guda, kuma bayan wannan ne sunan ƙasar ya ƙara shiga kunnen matafiya. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda mai zuwa can yake tsara tafiyarsa. Ya san a watan Disamba hasken rana a Rekyabik, babban birnin, bai wuce awa huɗu da ɗoriya ba, a watan Yuni kuwa dare ba ya yin duhu sosai. Ya san hanyoyin tsakiyar ƙasar a rufe suke sai lokacin zafi. In koren hasken nan da ke rawa a sama yake son gani, sai ya je lokacin dogon dare. In kuma zagaye tsibirin zai yi a kan titin da ya kai kilomita 1,300, sai ya ware kwanaki, ya kuma duba hasashen yanayi kowace safiya. Duk wannan a rubuce ya same shi, don wasu sun je, sun gani, sun rubuta.

Ra'ayinmu shi ne ƙasar Daura ta cancanci a tsara mata tafiya irin wannan, kuma marubutan Hausa ne ya kamata su fara. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'aduwa, mutanensu sun ninka na Ayislan. To ina ɗan littafin Hausa da baƙo zai riƙe ya san wane wata zai zo, wace rana kasuwa ke ci, wa zai gaisar kafin ya shiga wuri?

Wani zai ce ai ba a haɗa su ba. Su suna da ruwan zafi mai tsartuwa sama daga ƙasa, suna da ƙanƙara kamar duwatsu, mu kuwa rijiya ce guda, minti ashirin ka gama kallo. Akwai gaskiya a ciki, wanda ya je Kusugu yana jiran abin da zai sa shi riƙe baki zai iya komawa yana cewa tafiyar ba ta biya kuɗin mota ba. Amma mu duba Tingbelir, ɗaya daga wuraren da baƙi suka fi zuwa a Ayislan. Fili ne mai tsagaggen dutse da ruwa a gefe. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne nan mutanen ƙasar suka fara zaman majalisarsu a shekarar 930, kuma labaran kakanninsu da aka rubuta tun wajen ƙarni na 13 suna ta ambaton wurin. Baƙo yana isa da labarin a kansa, sai dutsen ya zama abin kallo. Kusugu ma haka take. Wanda ya san Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, aka ce masa macijiya ba ta bari a ɗiba sai ranar Juma'a, wanda ya san ta Gaya aka ce ya biyo maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya san Daurama da Bawo da Karɓagari, in ya leƙa bakin rijiyar ba ruwa kaɗai zai gani ba. Ko masana sun ce tarihi ne ko sun ce tarihihi, wannan muhawara ce ta wata rana.

Kuma labarin Daura bai tsaya kan Bayajidda ba, nan ne ma marubuci zai fi samun nama. A 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin a jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka ci gaba da sarauta a Zango da Ɓaure kusan shekara ɗari, har Turawa suka zo suka mayar da gidan kan karagar Daura ta hannun Malam Musa. Ku duba wannan da idon mai ƙirƙirar labari: gida ɗaya ya bar garinsa, yana zaune kusa da shi yana hango shi, jikoki suna tashi da labarin fadar da ba su taɓa shiga ba. Wani Bature, M. G. Smith, ya rubuta littafi sukutum kan al'amuran Daura, aka buga a 1978, da Turanci. Mu da harshen namu ne, kuma motar Zango ba ta da tsada, me muke jira?

Yanzu ga tsarin. Abu na farko lokaci ne. Daga Maris zuwa Mayu rana a Daura ba ta wasa, mai son yawo a ƙafa sai dai daga asuba zuwa hantsi. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin tafiya, sai dai hazo na iya rufe gari, hoto ya fito fari fat. A ganinmu kaka ta fi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba: an yanke gero, dammuna sun cika bakin hanya, madatsun ruwa irin Sabke da Daberam suna cike, ga fura ta sabon gero. Mai son ganin hawa kuwa ya auna Sallar Gani, wadda ake yi a watan Rabi'ul Awwal. Da kalandar Musulunci zai yi lissafi, don kowace shekara tana matsowa baya da wajen kwana goma sha ɗaya, kuma masauki yana wuya a lokacin.

Bari mu ɗan ratse kan itacen gawo, don shi kaɗai ya isa hujja. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Sau da yawa za ka karanta labari an zaunar da masoya a inuwar gawo ana tsakiyar marka. Manomin Sandamu da aka karanta wa wannan zai yi dariya ya daina yarda da sauran labarin. Irin wannan sani ba a samun sa a waya, sai an taka jigawa, rairayi ya cika takalmi, an ga yadda goriba da aduwa da kuka suke tsaye a gonaki.

Kwana biyu sun isa a karon farko. Daga Kano a biyo ta Kazaure da sassafe, a sauka Daura kafin azahar. Ranar farko ta cikin birni ce: Kusugu, ƙofar fada, sannan kasuwa da yamma. A fada ba a kutsa kai, sai a gaida dogarai, a nemi iso, a cire takalmi inda aka ce a cire, a tambaya kafin a ɗaga waya. Rana ta biyu ta waje ce, Tsohon Birni inda aka ce nan sarautar ta fara zama kafin Daurama ta dawo da ita, ko Zango, ko kuma kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa in an dace da Lahadi. Mai rubuta labarin da ke da dillali ko makiyayi a ciki, awa uku a kara zai ba shi maganganun da ba zai iya ƙirƙira ba. Kwangwalam tana nan kusa, bakin iyakar Nijar a kan hanyar Damagaram, amma tun juyin mulkin Yulin 2023 lamarin iyaka yake sauyawa, saboda haka a tambaya tukuna, kada a tsallaka da ka.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa a jihar Katsina. Tafiyar rana kawai, a ji ta bakin direbobin tasha da mutanen gari ranar da za a tashi, ba labarin watan jiya ba. Sannan mafi yawan masu rubutu a cikinmu mata ne, kuma tafiyar da ba a sa su cikin lissafi ba rabin tafiya ce. A tsara ta a ƙungiya, da mota guda ta shata, da masaukin da aka sani tun kafin a tashi, da babbar mace mai jagora, yadda iyaye da mazaje za su saki jiki su ba da izini. Kuɗi kuma a yi karo-karo tun da wata biyu.

Akwai dalilin hanzari. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Daura ya biyo, ga jami'ar sufuri ta tarayya, ga masu zuwa ziyarar kabarin Muhammadu Buhari tun da aka binne shi a garin a Yulin 2025. Baƙi za su ƙaru, gari zai sauya, kuma wani zai rubuta musu abin da za su karanta a hanya. Tsofaffin da suka ga zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya rasu a 1966, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

'Yan uwanmu da ke Daura, Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'aduwa, ku ne 'yan gari. Ku faɗa mana ranakun kasuwanninku, kuɗin mota daga Kano da Katsina a yanzu, da dattijon da ya kamata a fara gaisarwa a kowane wuri. Sauranmu kowa ya tanadi littafin rubutu da biro biyu, a sa rana cikin kaka mai zuwa in Allah ya kai mu.