Yoga Da Sabunta Jiki: Bazarar Wa Ake Nufi?



Duk shekara da zarar watan Maris ya kama, sai wayoyin hannu su cika da magana guda, wai lokacin sabunta jiki ya zo. Za ku ga hoton mace ta shimfiɗa 'yar tabarmar roba a cikin lambu, ta tanƙwashe ƙafa, ta rufe ido, a ƙasa kuma an rubuta ki tashi ki yi yoga, ki wanke cikinki, ki fita ki sha hantsi, domin bazara ta shigo. Wasu 'yan mata sun fara kwaikwayo a ɗakunansu, wasu matan aure kuwa kuɗi suke fitarwa suna sayen shayin da aka ce yana tafiya tare da abin. To, tun da magana ta shigo gidajenmu, ya kamata mu duba ta da idon basira, mu san inda ta fito, sa'an nan mu tambaya ko bazarar wa ake nufi.

Ita dai yoga 'yar ƙasar Indiya ce. Wani malaminsu mai suna Patanjali ya tattara ƙa'idojinta fiye da shekara 1,500 da suka wuce, ya kasa ta kashi 8. A cikin takwas ɗin nan, kashi ɗaya kawai ya shafi yadda ake ajiye jiki, shi ma galibi zama ne, ɗaya kuma ya shafi numfashi. Sauran duk tarbiyyar zuciya ce da neman natsuwa bisa ga aƙidarsu. Wannan lanƙwasa da miƙe-miƙe da kuke gani yau ta bunƙasa ne a shekarun 1930, a fadar sarkin Maisur da ke kudancin Indiya, a hannun wani malami Krishnamacharya. Cikin ɗalibansa har da mace, Indra Devi, wadda aka haifa a birnin Riga na Turai a 1899. Ita ce ta buɗe makarantar yoga a Holiwud ta ƙasar Amurka a ƙarshen shekarun 1940, matan fim suka yi mata ca, abin ya bazu cikin matan Turawa. Ta rasu a ƙasar Ajantina a 2002 tana da shekara 102.

Abin da ya mai da yoga maganar gwamnatoci kuwa bai daɗe ba. A watan Satumba na 2014 Firayim Ministan Indiya, Narendra Modi, ya roƙi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata rana guda. Ranar 11 ga Disamba na shekarar majalisar ta amince da 21 ga Yuni, ƙasashe 177 suka sa hannu a kan ƙudurin. A bikin farko a 2015 mutum 35,985 suka taru a birnin Delhi suka yi ta tare. A 2014 ɗin nan dai Indiya ta kafa ma'aikata sukutum mai kula da yoga da magungunan gargajiya, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake adanawa. Kun ga ke nan akwai siyasa a ciki, domin ƙasa ce take tallar al'adarta, kamar yadda ta daɗe tana yi da finafinanta da muka tashi muna kallo. Akwai kuma kasuwa, domin mai sayar da tabarma da riga da shayi shi ma yana neman na tuwo.

Amma kada wannan ya sa mu yi watsi da dalilin da ya sa duniya ta saurara. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane, watau wajen mutum biliyan 1.8, ba su motsa jiki yadda ya kamata. Mata sun fi yawa, kashi 34, maza kashi 29. Abin mamaki, a Indiya kanta, gidan yoga, kusan rabin manya ne abin ya shafa. 'Yan makaranta kuma ku saurara: wani binciken hukumar na 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba su samun motsin da ya ishe su. Ƙasashenmu na Afirka ba su kai waɗancan ba tukuna, domin macen ƙauye da ke daka da surfe da jan ruwa a rijiya ba ta bukatar kowa ya koya mata motsa jiki, hutu ma take nema. Amma ke uwargida ta birni, injin niƙa ya karɓe turmi, famfo ya karɓe guga, 'yar aiki ta karɓe tsintsiya, waya kuma ta karɓe sauran yinin. Zaman nan yana cikin ƙofofin da hawan jini da ciwon sukari ke shigowa ta ciki. Abin da hukumar ta nema bai taka kara ya karya ba: minti 150 zuwa 300 a mako ga babba, awa ɗaya kullum ga yaro ko yarinya.

A nan yoga tana da rana. Ba ta bukatar fili, ba ta bukatar fita waje, mace tana iya yin ta a cikin ɗakinta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ba ta cika fita ba. Ƙungiyar likitocin Amurka a 2017 ta sa ta cikin abubuwan da mai tsohon ciwon baya zai fara gwadawa kafin ya kama shan ƙwayoyi. Tana sassauta gaɓoɓi, tana taimaka wa barci da kwanciyar hankali. Iyakarta ke nan. Duk wanda ya ce miki ki ajiye maganin hawan jini ko na sukari ki kama yoga, ki guje shi.

Yanzu mu koma kan bazara, domin nan ne gizo ke saƙa. Waɗanda suka rubuta shawarwarin nan mutanen Turai da Amurka ne. Su sun fito daga wata uku ko huɗu na ƙanƙara da duhu, suna ƙunshe cikin ɗaki, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe 4. Idan Maris da Afrilu suka zo itatuwa su yi toho, furanni su buɗe, zafi a Landan da ƙyar yake wuce digiri 15. Dole ne a ce musu su fita su sha rana su yi gumi. Masu fassara suka rasa sunan da za su ba wannan lokaci da Hausa, suka kira shi bazara, don watanninsu sun zo ɗaya. Alhali kuwa a watannin nan Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, sanƙarau yana yawo, jariri yana kuka da ƙurajen zafi. Wadda ta ɗauki shawarar Landan ta aikata ta a tsakar gidanta da hantsin Afrilu, ta yi wa kanta ɗanyen aiki.

Kada ku ce ina kambama abin. Ranar 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ne. Ga shi kuwa a shekarar azumi ya faɗo cikin wannan zafi. Akwai ma wata irin yoga da ake yi a Amurka inda ake hura wa ɗaki zafi har wajen digiri 40, mutane su biya kuɗi su shiga su yi gumi. Abin da suke saye da dala, mu kyauta muke samunsa, har muna roƙon Allah Ya kawo mana sauƙinsa.

Abin sha'awa shi ne su Indiyawan da suka mallaki abin ba su yi wannan kuskure ba. A lissafinsu shekara lokaci 6 ce. Na tohon itatuwa suna kiransa Basant, daga nan ne sunan Basanti da kuka sani a fim ya fito, a cikinsa ne kuma suke bikin watsa wa juna launi a watan Maris. Likitancinsu na gargajiya, Ayurbeda, ya ce a lokacin sanyi da lokacin Basant mutum ya motsa jiki sosai, amma ko a nan kada ya wuce rabin ƙarfinsa, ya kuma rage abinci mai maiƙo da zaƙi. Da zarar lokacin zafi ya shigo, wanda suke kira Girishma, sai umurnin ya juye: a rage motsa jiki, a guji rana, a yawaita abin sha mai sanyi. Bazararmu Girishma ce. Lokacin da ya yi kama da Basant a wurinmu shi ne bayan saukar damina, sa'ad da ƙasa ta yi sanyi ciyawa ta tsiro, sai kuma kaka da farkon hunturu. Mai son ta ɗaura ɗamarar motsa jiki da ƙarfi, nan ne lokacinta.

Sai maganar wanke ciki, wadda ita ta fi tayar mini da hankali. Jikin ɗan'adam yana da masu wankinsa, hanta da ƙoda, suna aiki dare da rana ba su jiran watan Maris. Da yawa daga cikin shayin da ake tallar yana fitar da datti ko yana rage tumbi, ganyen sanna ne a ciki, ɗan'uwan filasko da kakanninmu suka sani. Aikinsa sa gudawa. Nauyin da kika ga ya ragu ruwan jikinki ne ya zube, kuma ranar da kika sha ruwa zai dawo. Ku duba fa, mace tana shayarwa, ana zafin digiri 42, ta sha abin da zai sa ta zawo kwana uku. Ƙodar da ake cewa za a wanke ita ce ta farko da za ta ji jiki. In da gaske gyara ake so, ga inda yake: gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, kuma ki tuna dunƙulen magi da kike jefawa uku huɗu a miya shi ma gishiri ne. Ki rage lemon kwalba, ki rage sukarin zoɓo da na kunun aya. Mangwaro da kankana suna kasuwa a bazara, zogale da rama kuma ba su fi ƙarfin kowa ba.

Na san tambayar da ke bakin da yawa daga cikinku, watau ina matsayin addini. Tambaya ce mai kyau, ba mu muka fara yin ta ba. Cikin yoga akwai jerin motsi 12 da ake kira gaisuwar rana, akwai kuma wata kalma mai tsarki a addinin Hindu da ake rerawa. A 2015 ƙungiyoyin Musulmin Indiya sun nuna rashin yarda, har gwamnati ta cire gaisuwar rana daga tsarin bikin farko. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga a 2008. Majalisar malaman Indunusiya a 2009 ta hana wadda ke ɗauke da rera kalmomin ibada, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da ita cikin wasannin motsa jiki. Kun ga malamai ma ba su taru a kan magana ɗaya ba, amma wurin da duka suka sa ido guda ne. A ganina, miƙa baya da jan numfashi a hankali ba mallakar kowa ba ne, likitocin gashin ƙashi ma suna koyar da irinsu a asibiti. Rera abin da ba ki san ma'anarsa ba, da rusuna wa rana, ki bar wa masu shi. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, Musulma ce ko Kirista, ta tambayi malaminta, ko ta bar sunan yoga ɗin baki ɗaya ta yi miƙarta.

To, me za ki yi a bazarar nan? Ki zaɓi sanyin safiya bayan asuba, ko bayan magariba in iska ta sauko. Minti 15 zuwa 20 sun isa: ki miƙa hannuwa sama, ki sunkuya a hankali gwiwa a ɗan lanƙwashe, ki juya wuya da kafaɗu, ki zagaya tsakar gida da ɗan sauri, sa'an nan ki zauna ki ja numfashi ta hanci ki sake shi sannu sannu. Ki sha ruwa kafin ki fara da bayan kin gama, kada ki jira ƙishirwa. In kin ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ki tsaya nan take ki nemi inuwa. Mai hawan jini ko ciwon ido kada ta kuskura ta yi tsayuwar ka da ake nunawa a hoto. Mai ciki ita ma ana son ta motsa, amma bayan wata uku ta bar motsin da ake yi a kwance rigingine, ta kuma shaida wa ma'aikaciyar awo abin da take yi. Maigida in ya ga abin ya yi dariya, ki ce masa bismilla, tabarmar tana ɗaukar mutum biyu.

Ku kuma 'yan makaranta, gaɗa da tsallen igiya da 'yar gala-gala duk suna cikin awa ɗayan nan da ake nema, kada wani ya sa ku raina su don ba su zo daga waje ba. Roƙona ga shugabannin makarantun 'yan mata shi ne su duba jadawalinsu. Mu malamai mun san darasin motsa jiki shi ake fara yankewa in jarrabawa ta matso, inda kuma bai mutu ba sau da yawa sai a ajiye shi bayan tara, rana tana tsaka. Daga Maris zuwa saukar ruwa a mai da shi darasin farko na safe, a ajiye randa cike a bakin fili.