Ɗalibin Likitanci Ya Tashi Ya Nemi Ilmi Da Kansa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi nasiha ga 'ya'yanmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun masu karatun likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, domin da yawansu sun taƙaita himmarsu ga haddace abin da malami ya biya musu, alhali magabatanmu na makarantun zaure ba su yarda da ɗalibi ba sai ya yi muɗala'a da kansa, ya zo wa shehinsa da mas'ala.

Ga misali a yankinmu: tun da aka kammala madatsar ruwan Bakolori a 1978, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suke bin magudanan noman rani. Saboda haka ɗalibin da ya zo hutu, ya zauna a asibitin garinsu, ya ga yaro mai fitsarin jini, ya tambayi uwarsa inda yake wanka, sannan ya koma ga littafi ya yi tahƙiƙi, ya sami fahimtar da hadda ba ta bayarwa. Haka kuma gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, ba a gano ta ba sai da masu lura suka tambayi dalilin da ya sa maganin zazzaɓi ya kasa tsayar da jijjigar yaran.

Malamai kuwa, ya kamata su riƙa ajiye wa ɗalibai labarin majinyaci, su bar su su yi muhawara da hujja kafin su yanke hukunci.

Wassalam,
Naka mai karatu,
Talata Mafara.