Wace Amurka Muke Gani A Allon Sinima?

A wannan mako za mu jingine zancen gida, mu leƙa ƙasar Amurka ta tagar da kowa ya saba leƙawa, wato allon sinima. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa taka ƙasar ba, amma in ka tambaye su sai su siffanta maka titunanta da gidajenta da halin mutanenta kamar a can aka yanke musu cibi. Tun zamanin da ake cika gidajen sinima don kallon kaboyi, har zuwa yau da fim ya shiga aljihun kowa ta wayar hannu, yawancin abin da muka sani game da Amurka daga fim muka samo shi. To, tun da haka ne, ya kamata mu san wanda yake zaɓar mana abin da muke gani, domin a kan wannan gani ne saurayi yake sayar da gonar gado ya nemi biza, a kansa ne kuma mai sharhi yake yabon Amurka ko ya kushe ta.

Fim iri biyu ake yi a Amurka. Akwai na manyan kamfanonin Holiwud, irin su Disney da Warner Bros. da Universal da Paramount, waɗanda kan kashe dala miliyan 200 ko fiye a kan fim ɗaya. Wanda ya zuba dukiya haka tilas ya nemi mai kallo a kowace jiha da kowace ƙasa, saboda haka ba ya son abin da zai ɓata wa wani rai, ko hukuma ce ko talaka. Akwai kuma fina-finai masu zaman kansu, waɗanda ake yi da kuɗi kaɗan, na bashi ko na karo-karo ko na wani ƙaramin kamfani. Mai irin wannan fim ba shi da jiragen sama da zai tarwatsa don burge jama'a. Jarinsa shi ne labari, ga shi kuma yana da damar faɗin abin da babban kamfani yake jin nauyin faɗi.

Shekarar 1986 ta ba mu misali wanda babu kamarsa, domin a cikinta aka fitar da fim biyu a kan sojan Amurka. Na farko shi ne Top Gun, na kamfanin Paramount. Rundunar mayaƙan ruwa ta ba su hayar jiragen yaƙi da matuƙa, ta bar su suka ɗauki hoto a kan jirgin ruwa mai dakon jiragen sama, bisa sharaɗin ta duba rubutun labarin tukuna. Ta kuwa duba, ta sa aka sauya wasu wurare, har da yadda abokin jarumin ya mutu. Da fim ya fita, sai ga masu ɗaukar kurata sun kafa tebur a ƙofar wasu gidajen sinima suna jiran samari. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Na biyu shi ne Platoon, na Oliver Stone, wanda shi da kansa ya yi yaƙin Biyetnam har aka ji masa rauni. Ya yi kusan shekara 10 yana yawo da rubutun labarin, manyan kamfanoni suna juya masa baya, Ma'aikatar Tsaro kuma ta ƙi ba shi taimako. Daga ƙarshe wani kamfani na Ingila mai suna Hemdale ya ɗauki nauyin aikin a kan dala miliyan 6, aka je ƙasar Filifin aka ɗauka. A ciki an ga sojan Amurka suna ƙone ƙauye, suna shan ƙwaya, suna kashe junansu. Top Gun ya fi kowane fim ciniki a shekarar, Platoon kuma ya ci lambar Oscar ta fim mafi kyau. Ƙasa ɗaya, soja ɗaya, shekara ɗaya, amma wanda ya kalli guda ya bar guda, rabin labari ya ji.

Inda wannan bambanci ya fi fitowa fili shi ne a kan baƙar fata. A cikin 1915 D. W. Griffith ya fitar da The Birth of a Nation, fim ɗin da ya mai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan jarumai, ya kuma nuna baƙar fata tamkar dabbar da ba ta cancanci 'yanci ba. An nuna shi a Fadar Shugaban Ƙasa zamanin Woodrow Wilson, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sake kafa ƙungiyar a Jihar Jojiya bayan ta daɗe da mutuwa. Wani baƙar fata manomi kuma marubuci, Oscar Micheaux, wanda yake bi gida-gida yana sayar da littattafansa, shi ya mayar da martani a 1920 da fim mai suna Within Our Gates, inda ya nuna yadda gungun fararen fata suke rataye baƙaƙe ba tare da shari'a ba. Fim ɗin ya ɓata shekara da shekaru, sai daga baya aka tsinci kwafe ɗaya a ƙasar Sifen. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma fa mai ita ne ya fi shan wuya kafin a saurare shi.

A 1989 Spike Lee ya yi Do the Right Thing, labarin yini guda mai tsananin zafi a wata unguwar baƙar fata ta Buruklin a birnin Niyok. A ƙarshen yinin 'yan sanda suka shaƙe wani saurayi har ya mutu, jama'a kuma suka cinna wa kantin abincin wani ɗan asalin Italiya wuta. Kamfanin Paramount ya so a sassauta ƙarshen labarin, Lee ya ƙi, ya kai wa Universal. Wasu masu sharhi suka yi ta gargaɗi wai fim ɗin zai ta da tarzoma. Tarzoma ba ta tashi ba. Ko cikin jerin 'yan takarar fim mafi kyau ba a sa shi ba, lambar ta tafi ga Driving Miss Daisy, labarin wani baƙar fata direba mai haƙuri da tsohuwar Baturiya uwar ɗakinsa. Sai ga shi a 2014 ɗan sanda ya shaƙe Eric Garner a Niyok, a 2020 kuma wani ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 a Miniyafolis. Abin da aka ce ƙarin gishiri ne na mai fim, sai duniya ta gan shi a wayar hannu.

Hakanan a 2013 wani matashi, Ryan Coogler, ya yi Fruitvale Station da kuɗin da bai kai dala miliyan 1 ba. Labarin gaskiya ne na yinin ƙarshe a rayuwar Oscar Grant, wanda ɗan sanda ya harbe a tashar jirgin ƙasa ta birnin Okland ranar 1 ga Janairun 2009. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya nuna mamacin yana wasa da 'yarsa, yana cefanen bikin ranar haihuwar mahaifiyarsa, yana fafutukar komawa aikin da aka kore shi, har mai kallo ya san wanda aka kashe kafin a kashe shi.

Bayan launin fata sai talauci, wanda babban fim ya fi ƙin jini, domin ba ya sayar da tikiti. A zamanin da ake farautar 'yan gurguzu a Amurka, daga 1947 zuwa gaba, an rubuta sunayen marubuta da daraktoci da yawa an hana su aiki a Holiwud. Wasu daga cikinsu suka haɗa kai suka yi Salt of the Earth a 1954, a kan yajin aikin masu haƙar tutiya 'yan asalin Meksiko a Jihar Sabuwar Meksiko, yawancin 'yan wasan ma ma'aikatan ne da iyalansu. Ana cikin aiki hukuma ta kama jarumar fim ɗin, Rosaura Revueltas, ta tasa ƙeyarta zuwa Meksiko. Ƙungiyar masu haska fim ta ƙi taɓa shi, 'yan gidajen sinima kaɗan ne suka nuna shi. A 1992 kuma gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin jerin fina-finan da ake adanawa don tarihi.

Na zamaninmu shi ne Nomadland na 2020, wanda Chloé Zhao, haifaffiyar Sin, ta ba da umarni. Garin Empire da ke Jihar Nebada ya dogara ne ga masana'anta guda, da aka rufe ta a 2011 sai garin ya watse. Fim ɗin ya bi wata dattijuwa wadda ta rasa miji da gida, ta mai da ƙaramar motar kaya ɗakin kwananta, tana bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha, har da ɗaure kaya a sito na kamfanin Amazon. Da yawa daga cikin tsofaffin da aka gani a ciki ba 'yan wasa ba ne, rayuwarsu ke nan. Wanda yake tsammani kowane Bature a Amurka yana da gida da mota biyu, ya nemi wannan fim ya kalla.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka duk fim mai zaman kansa gaskiya ne tsantsa, ko kuwa na jam'iyya ɗaya ne. A 2004 Michael Moore ya yi Fahrenheit 9/11 don ya tona asirin gwamnatin George Bush da yaƙin Iraƙi. Disney ta hana reshenta, Miramax, rarraba shi, wasu ƙananan kamfanoni suka karɓa, ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, ya kuma tara dala miliyan 119 a Amurka kaɗai. Duk da haka Bush ya ci zaɓen watan Nuwamba. Su ma masu ra'ayin riƙau suna da nasu. Sound of Freedom, fim a kan fataucin yara, ya yi shekaru a ajiye, har wani ƙaramin kamfani na Jihar Yuta, Angel Studios, ya fitar da shi a 2023. Mabiya coci-coci suka yi masa tururuwa, Donald Trump ya shirya kallonsa na musamman, ya tara kimanin dala miliyan 250 a duniya. Masu kallon Moore ba su je wannan ba, masu kallon wannan ba su je na Moore ba. A nan ma sinima ta nuna halin da ƙasar take ciki, domin kowane ɓangare ya koma yana kallon abin da zai ƙara masa yaƙini a kan abin da ya riga ya yarda da shi.

Sa'an nan zaman kan nan yana da iyaka. Yin fim daban, kai shi gaban jama'a daban, ƙofar kuwa tana hannun masu kuɗi. Robert Redford, wanda ya rasu a 2025, ya kafa Cibiyar Sundance a 1981 don a raini masu ƙananan fina-finai, amma bikinta ya zama kasuwa inda manyan kamfanoni suke zuwa sayen sabon hannu. Disney ta sayi Miramax tun 1993. Kamfanin da ya rarraba Nomadland ma na Disney ne, kuma akwai masu sukar fim ɗin da cewa ya yi wa Amazon sassauci, bai nuna wahalar aikin sito yadda take ba. Shi kansa Coogler, shekara 5 bayan Fruitvale Station, Disney ta fitar da fim ɗinsa Black Panther, wanda ya tara fiye da dala biliyan 1. Wannan ci gaba ne gare shi, amma in kiɗa ya sauya, rawa ma kan sauya.

In kuwa fim ya taɓa mai ƙarfi, sai ƙofa ta ƙi buɗuwa. The Apprentice, wanda ya ba da labarin ƙuruciyar Trump a harkar gine-gine, an nuna shi a Cannes a watan Mayun 2024, lauyoyin Trump suka yi barazanar ƙara, manyan kamfanoni suka ja da baya, sai wani ƙarami ne ya fitar da shi a watan Oktoba, bai kuwa yi kasuwa ba. A watan Maris na 2025 No Other Land, wanda Falasɗinawa da Isra'ilawa suka yi tare a kan rushe ƙauyukan Masafer Yatta, ya ci lambar Oscar alhali babu kamfanin rarraba fim na Amurka da ya yarda ya ɗauke shi. Babu dokar da ta hana nuna waɗannan fina-finai, kuma wannan abin a yaba wa tsarin mulkin Amurka ne. Tsoron hasara da tsoron fushin masu mulki su ne suka yi aikin da hukumar tace fina-finai take yi a wasu ƙasashe.

Saboda haka shawarar wannan fili ga mai kallo ita ce, kafin ya yanke hukunci a kan Amurka daga abin da ya gani a allo, ya yi wa kansa tambaya uku. Wa ya ba da kuɗin fim ɗin? Wa ya ba da aron kayan aiki, kuma me ya nema a madadinsu? Wa ya yarda ya kawo shi har gabana? Babban fim yana nuna maka yadda Amurka take so a gan ta, kuma sanin wannan ma ilmi ne, domin burin al'umma yana cikin halinta. Ƙaramin fim kuwa yakan kai ka unguwannin da ba a kai baƙo, wurin mai ɗakin da ya san inda yake masa yoyo. Malaman makarantu da masu gidajen talabijin namu, waɗanda suke zaɓar wa jama'a abin kallo, za su yi wa matasa alheri in suna haɗa musu iri biyun.