Dogon Dutsi Na Buƙatar Daren Tuwo Da Goge A Unguwanni

Duk wanda ya halarci biki a Dogon Dutsi ko Tibiri a 'yan shekarun nan ya san yadda dare yake ƙarewa: a ɗauko manyan lasifika, a jona waya, a saki waƙoƙin Kano da na Legas. Mai goge da mai kalangu, waɗanda a da ba a ɗaura aure sai da su, sun koma jiran lokacin siyasa ko kokowa. Ra'ayina shi ne matasan Arewa su ware dare guda a kowane wata, unguwa bayan unguwa, a ci abincin gida, a saurari makaɗa ido da ido, kuma a biya su.

Kayan da za a yi wannan dare da su suna nan a hannunmu. Dallol Mawri na ba da gero da wake da zogale, lambunan Dogon Dutsi kuma sun yi suna wajen dankalin turawa a lokacin sanyi. Matan da ke dambu da ƙosai da waina da fura suna nan, haka mahauta masu tsire da kilishi. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni ta ratsa garin, amma yawancin matafiya sai dai su sayi abu a bakin titi su wuce. Dare mai tsayayyar rana zai ba mai tuwo kasuwar da za ta iya lissafawa tun kafin ta auno gero.

Batun kiɗa ya fi gaggawa. Tarihin Arewa a bakin makaɗa da maroƙa yake. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya zaga duniya ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Kirarin sarakunan Matankari da na manoma da mafarauta kuwa babu littafin da ya tattare su duka. Idan makaɗi ya rasu ɗansa yana kabu-kabu saboda goge ba ya ciyar da gida, abin da ke kansa ya tafi ke nan. Yaro ba zai koyi sana'ar da ya ga tana barin ubansa da yunwa ba.

Na san za a kawo hujjoji biyu. Ta farko tsaro, ganin halin da ƙauyukan kan iyaka da Sakkwato da Kebbi ke ciki. Ta biyu tarbiyya, domin wasu malamai da iyaye na ganin taron kiɗa ƙofar shaye-shaye ce. Duka biyun abin dubawa ne, kuma tsari ne maganinsu. A fara bayan sallar isha'i, a tashi kafin ƙarfe 11. A nemi izinin magajin gari da mai unguwa, a sanar da jami'an tsaro. A hana giya da ƙwaya, a tanadi wurin zaman mata da yara. Matashin da ke zaune a fili mai haske kusa da iyayensa ya fi wanda ke lungu cikin duhu kwanciyar hankali.

An taɓa yin irin wannan. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke haɗa wasanni da aikin gayya a unguwanni. Yau muna da fada-fadar matasa a kowane lungu, inda ake kwana shan shayi. Fada biyar in suka haɗa kai sun isa su ɗauki nauyin dare ɗaya.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Kwatano, Lome, Abijan, Aljeriya da Faransa, ga inda za ku shigo. Kuna aiko da kuɗin biki da na suna. Ku ƙara da kuɗin makaɗi ɗaya a wata, a yanka masa ladansa tun kafin ya ɗaga goge, kada a bar shi da abin liƙi kawai. A ɗauki wasan a waya da izininsa, a tura muku ta WhatsApp, a ajiye kwafi a gidan matasa da al'adu.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, sa'ad da rumbuna suka cika kuma dankali ya kusa shigowa kasuwa. Wace unguwa ce za ta fara shimfiɗa tabarma?