"Tangarɗar Na'ura" Ba Amsa Ba Ce

Ranar Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, aiki ɗaya ya rage wa jami'in zaɓe a kowace rumfa ta Kiru da Bebeji, ko ta Tudun Wada da Doguwa, bayan an gama ƙirga ƙuri'u: ya ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS, ya tura shi shafin IReV na hukumar INEC domin kowa ya gani. Sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa shiga. Na shugaban ƙasa kuwa, a faɗin Nijeriya, ya ƙi. Da aka nemi bayani, sai aka ce tangarɗar na'ura ce.

Sai a Fabrairun 2024, shekara guda bayan zaɓen, rahoton hukumar ya fayyace abin da ya faru. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar hotunan tana adanawa, an tsara ta ne ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa. Kujerar shugaban ƙasa ba ta kowace jiha ba ce, don haka manhajar ta rasa inda za ta ajiye shi, ta dinga mayar da saƙon kuskure. Sakamakon farko bai shiga ba sai ƙarfe 8:55 na dare.

A nan laifin yake. Sabar ba ta ɓoye ciwonta. Duk mai kula da irin wannan aiki yana da allon sa ido da ke nuna masa, minti bayan minti, yawan buƙatun da ke shigowa, tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa, kason da ke komawa da kuskure, da tarin waɗanda ke jiran layi. Saƙon kuskure daga sabar ma shaida ce da kansa: yana nuna hoton ya iso, a cikin gida ya maƙale. Ke nan ba za a ɗora alhakin a kan raunin sabis na ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore ba. Ɗayan biyu ne: ko injiniyoyi sun ga alƙaluman tun da yamma aka bar jama'a cikin duhu, ko babu mai duba su yadda ya kamata. Babu wanda ya zama uzuri.

Akwai kuma tambayar gwaji. IReV ya yi aiki a zaɓukan gwamna na Ekiti da Osun a 2022, aka yi ta yabo. Amma waɗannan zaɓukan jiha ne, kuma kuskuren na zaɓen da ba shi da jiha ne. Wanda ya gwada jirgin ruwa a kududdufi bai san halinsa a kogi ba.

Mutanen Kano ta Kudu sun san tsadar rashin yarda da tattara sakamako. A mazaɓar tarayya ta Doguwa da Tudun Wada an yi tarzoma har da asarar rayuka, INEC ta ce an sanar da sakamakon ne bisa tilas, sai da aka je zaɓen cike gurbi ranar 15 ga Afrilu. Ba sabar ce ta haddasa wannan ba. Amma domin irin waɗannan wurare aka ƙirƙiri IReV: hoton da ya bar rumfa ya zama shaidar da barazana a cibiyar tattarawa ba za ta iya canzawa ba. Idan shafin ya yi shiru na sa'o'i a kan kujera mafi girma, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma mai zaɓe ba ya rarrabe wane ɓangare na tsarin ne ya gaza.

Za a ce Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Oktoban 2023 cewa gazawar IReV ba ta soke zaɓe. Haka ne, amma kotu halascin sakamako ta duba. Ba ta dawo da amana. Za a kuma ce bayyana bayanan sabar zai buɗe ƙofa ga masu kutse. Wannan ma bai riƙe ruwa ba. Manyan kamfanoni irin su Google da Amazon suna da shafukan da ke sanar da duniya halin ayyukansu a lokacin da matsala ke faruwa. Babu wanda ya nemi makullin ɗaki; ma'aunin zafi kawai ake son gani.

Kafin 2027, abin da ya kamata lauyoyi, 'yan jarida da ƙungiyoyin sa ido su dage a kai a bayyane yake. A yi gwajin da ya haɗa da zaɓen shugaban ƙasa, da nauyin rumfuna fiye da 176,000, a wallafa sakamakonsa. A ranar zaɓe a buɗe shafin da zai nuna, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, hotuna nawa aka turo, nawa suka shiga, nawa aka mayar. A adana kundin ayyukan sabar yadda kotu za ta iya nema. Idan an samu matsala, a faɗa cikin sa'a, ba cikin shekara ba.

Manomin Doguwa da ya yi layi tun safe ya sauke nasa nauyin. Hukumar da ke iya ƙirga ƙuri'arsa ba ta da hujjar kasa ƙirga kurakuranta a gabansa.